Soriyasis da binciken tsakar dare: maganar wa za ki ɗauka a intanet?

Tambaya: "Likita, shekara biyu ke nan da aka tabbatar min ina da ciwon fatar nan soriyasis. Tun daga ranar ban huta da bincike a waya ba. Ina cikin rukuni uku a Facebook da WhatsApp, ina kuma bin masu irin ciwona a TikTok. Wata ta ce man da aka rubuta min shi zai lalata min fata, in daina. Wani ya ce ai matsalar daga hanji take. Wata kuma ta nuna hotonta ta warke tas da wani haɗi da take sayarwa, har na saya na fara shafawa, kuma gaskiya na ga sauƙi cikin kwana biyar. Yanzu na rasa na kamawa. In daina binciken gaba ɗaya ne?"

Amsa: Sannu da jiki, 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. A'a, kada ki daina. Ko da na ce ki daina ma na san ba za ki iya ba, kuma ban ga laifinki ba. Mu likitocin fata muna ganinki na 'yan mintuna, mu rubuta mai, mu ce ki dawo bayan wata uku. Shi kuwa ciwon yana tare da ke dare da rana. Ƙarfe biyun dare, ƙaiƙayi ya hana ki barci, kin tashi kin ga zanin gado duk fari-fari da ɓawon fata, wa za ki tambaya a wannan lokacin in ba wayar da ke ƙarƙashin matashin kai ba? Abin da nake so ki koya shi ne wace tambaya ce ta dace da wane wuri, domin akwai tambayar da 'yan rukuninku suka fi ni iya amsawa, akwai kuma wadda in kika ɗauki amsarta a wurinsu za ta iya kai ki gadon asibiti.

Na lura masu wannan ciwo kusan hanya ɗaya suke bi. Kafin a gaya wa mutum sunan abin da ke damunsa, hotuna yake dubawa, yana ɗaga hannun riga yana gwada gwiwar hannunsa da abin da ke kan allo. Da ya samu suna, sai tambayoyin tsoro su biyo baya: ana ɗauka? 'Ya'yana za su gada? Kuturta ce? Daga nan sai ya faɗa neman abin da zai raba shi da ciwon har abada, kuma a nan ne ake cin kuɗinsa. Sai bayan shekaru, in ya gaji, yake komawa neman 'yan'uwansa masu irin lalurar da dabarun zama da ita. Ke yanzu kina tsakiyar mataki na uku.

Bari in fara da hotunan, don tun a nan ake ɓata. Sunan ma kansa tarko ne: a Turance ana rubuta shi da harafin "p" a farko wanda ba a furtawa, psoriasis, shi ya sa wanda ya ji shi da kunne kawai yake shan wuya kafin ya same shi. In ya same shi kuma, yawancin hotunan da za su fito na farar fata ne, tabo jajir da farin ɓawo a kai. A baƙar fata ba haka yake zuwa ba. Yakan fito launin toka, ko shuɗi-shuɗi mai duhu, ko ya fi sauran jiki baƙi, ɓawon ya yi kauri, kuma bayan ya lafa ya bar tabo mai duhu ko mai haske na watanni. Sau nawa mutum ya zauna a gabana ya ce, "Likita, na duba, nawa ba ja ba ne, saboda haka ba shi ba ne." Haka kuma akwai wanda makero ne a jikinsa, ya ga hoto ya yanke wa kansa hukuncin soriyasis, ya shafa man siteroid, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Ƙaiƙayin ya lafa, ƙwayar cutar makeron kuma ta samu sarari ta bazu, har siffar ciwon ta canza ta yadda likita ma sai ya kankari fatar ya duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta kafin ya gane. Kirci, amosanin kai, har tunjere a matakinsa na biyu, duk suna iya kama da shi a hoto. In kina son hotunan da likitoci suka tantance, shafin DermNet na ƙasar Niyuzilan yana da kyau, kuma ki ƙara kalmomin da ke nufin baƙar fata a bincikenki. Amma hoto ba ya gano ciwo. Mu ma sai mun duba kai, farce, cibiya, bayan kunne da matsematsi, mun tambayi tarihin dangi, wani lokaci mu yanki ɗan ƙaramin yanki na fata a kai ɗakin gwaji.

Maganar kuturta kuwa tsohon ruɗani ne, ba ku kuka fara shi ba. Ɗaruruwan shekaru ana haɗa cututtukan biyu a Turai, sai a 1841 wani likita a birnin Biyana, Ferdinand von Hebra, ya raba su sarai. Soriyasis ba ƙwayar cuta ce ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa ta musabaha, ko tawul, ko kwanciyar aure. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da shi a matsayin ciwo mai tsanani wanda ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma rahoton da hukumar ta fitar a 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ne ke da shi a duniya. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jiki ce take tunzura fata. Ƙwayoyin fata da ya kamata su ɗauki kusan wata guda kafin su taso daga ƙasa su zube, sai su yi wannan tafiya cikin kwana 3 zuwa 5, su taru bisa juna ba su nuna ba. Ɓawon da kike gani ke nan.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a amsata, kuma in kin riƙe shi, rabin bidiyon da kike gani zai daina ruɗa ki. Wannan ciwo hawa da sauka yake yi da kansa. Yakan tashi bayan ciwon maƙogwaro, ko damuwa, ko lokacin sanyi da bushewar iska, ko bayan haihuwa, ko a wurin da fata ta ji rauni. Sai kuma ya lafa, wani lokaci ba tare da an yi masa komai ba. Irin mai ɗige-ɗige da ke fesowa yara da matasa bayan ciwon maƙogwaro yakan tafi cikin 'yan watanni. To yaushe mutum yake gwada sabon magani? Ranar da abin ya kai maƙura. Daga maƙura kuwa hanya ɗaya ce ta fi yawa, wato saukowa. Duk abin da ya sha ko ya shafa a wannan makon shi zai kwashe yabo, faɗuwa ta zo daidai da zama. Wadda ta yi bidiyo tana hawaye tana cewa abu kaza ya warkar da ita, mai yiwuwa ba ƙarya take yi ba, abin da ta gani ta faɗa. Sai dai ba za ta dawo bayan wata biyar ta yi wani bidiyon ta nuna ciwon ya dawo ba. Kunya ba za ta bari ba, in ma ta yi, ba wanda zai tura wa wani. Mutum goma da suka gwada abin bai yi musu ba kuwa shiru suke yi, in shafin mai sayarwa ne ma a goge ƙorafinsu.

Su kansu shafukan ba ruwansu da gaskiya ko ƙarya. Abin da suke aunawa shi ne daƙiƙa nawa kika tsaya kina kallo, ko kin taɓa, ko kin tura. "Na rabu da shi cikin mako biyu" ya fi riƙe ido a kan likita mai cewa "za mu gwada wannan na mako takwas mu gani." Da kin kalli irin na farko sau uku, sai a cika miki allo da su, ki ɗauka duk duniya ta samu mafita ke kaɗai aka bari.

Hoton "kafin" da "bayan" kuwa, yi wannan gwajin da kanki yau. Ki ɗauki hoton tabo ɗaya a bushe, kusa da taga. Sannan ki shafa masa kowane irin mai, ki koma cikin ɗaki inda haske ya yi laushi, ki sake ɗauka. Farin ɓawon zai ɓace, domin iska ce a tsakanin ɓawon take sa shi fari, da mai ya cike gurbin sai ya koma kamar gilashi. Minti biyu tsakani, kin samu hoton talla.

Sai haɗin da kika saya. Gaskiya sauƙin kwana biyar ɗin nan shi ya fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki. Abubuwan da ke kwantar da tabon soriyasis da wannan saurin ba su da yawa, kuma na gaba-gabansu siteroid ne mai ƙarfi. Ba sabon abu ba ne a zuba shi cikin kwalba a rubuta "na ganye zalla" a jiki. A 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wani feshi mai suna Skin-Cap, wanda masu soriyasis suka yi ta yabawa suna gaya wa juna, har wasu likitoci suka yi mamakin aikinsa. A jikin gwangwanin an rubuta sinadarin maganin amosanin kai ne kawai. Da aka gwada sai aka tarar da kilobetasol, ɗaya daga cikin siteroid mafi ƙarfi da ake shafawa. Wancan lokacin intanet yana jariri. Yau mai irin wannan haɗi waya kawai yake buƙata.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa. Ta zo da 'yar roba fara marar rubutu a cikin jaka, ta ajiye a kan tebur tana murmushi, wai ta zo ta nuna min abin da ya fi nawa. Wata bakwai tana shafawa safe da dare, har a fuska da cinyoyi. Da ta naɗe hannun riga, tabon ya kwanta kam, amma fatar ta yi sirara kamar takarda, jijiyoyi a bayyane, ga nankarwa masu faɗi a hammata da cinya waɗanda ba za su taɓa gogewa ba. Fuskarta ta yi zagaye, hawan jininta ya tashi. Siteroid ɗin ya ratsa fata ya shiga jini. Mai sayarwa ta gaya mata ba a dainawa sai "dafin ya gama fita." Sai da muka yi watanni muna janye shi a hankali. Ban ce naki ma haka ne ba, ban gwada shi ba. Amma duk haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ya kuma yi aiki da irin wannan sauri, ki ɗauke shi a matsayin siteroid har sai an tabbatar da akasin haka.

Abin dariya, abin takaici, sau da yawa rukunin da ake sayar da irin wannan robar shi ne kuma ake tsorata mutane da man likita. Wadda ta ce miki siteroid yana lalata fata ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba. Yana sirantar da fata in an daɗe ana shafa mai ƙarfi ba hutu, musamman a fuska, wuya da matsematsi. A 2021 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta fitar da sanarwa cewa wasu da suka daɗe suna shafawa kullum sukan samu ƙuna da jan fata in suka daina. Amma maganin da aka san sunansa da ƙarfinsa ana iya auna shi. Akwai mai sauƙi na fuska, akwai mai ƙarfi na gwiwa da tafin ƙafa inda fata ke da kauri. Ma'aunin ma a yatsanki yake: in kika matso mai daga bututu tun daga kan ɗan alinki zuwa gaɓar farko, kusan rabin giram ke nan, kuma ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannu biyu. Ana shafa mai ƙarfin na 'yan makonni, a huta ko a koma kwana biyu a mako, a haɗa shi da kalsifotiriyol, wanda dangin bitamin D ne kuma ba ya sirantar da fata. Wadda ta jefar da wannan ta koma robar da ba ta san cikinta ba, ta gudu ne ba ta tsira ba.

Maganar hanji ba zan daɗe a kanta ba. Ana bincike a kan alaƙar ƙwayoyin hanji da garkuwar jiki, kuma masu soriyasis sun fi sauran mutane haɗuwa da wasu cututtukan kumburin hanji. Amma babu wani wankin ciki ko "tace jini" da aka nuna yana warkar da shi. Abin da ke da hujja ba shi da armashi a bidiyo: mai ƙiba in ya rage nauyi ciwonsa yakan yi sauƙi, magani ma ya fi kama shi, taba da giya suna ƙara shi, barin alkama yana amfanar wanda gwaji ya nuna jikinsa ba ya jure sinadarin gulutin, ba kowa ba. Na ga waɗanda suka haramta wa kansu abinci iri goma, suka rame, tabon yana nan, ga kuma zargin kai duk ranar da suka ci wani abu.

To me rukunin ke da shi na alheri? Da yawa, kuma ba na faɗa don in faranta miki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na karanta ciwon, ban taɓa tsayawa gaban madubi ina kaɗe kafaɗar baƙar riga kafin in shiga taro ba. Yadda ake tausasa ɓawon kai da dare kafin a wanke da safe ba tare da an tsige gashi ba, irin yadin da ba ya gogar tabo, yadda za ki yi wa mai gyaran gashi bayani kafin ta ja hannunta baya, yaushe ake gaya wa wanda ake shirin aure, me za ki ce wa yaron da ya tambayi mamarsa da ƙarfi "me ya sami hannun matar can," duk waɗannan a bakin masu ciwon ake samun su. Kaɗaici ma ciwo ne. Baƙin ciki mai tsanani ya fi yawa a tsakanin masu soriyasis, kuma ganin wata ta ɗora hoton ƙafarta da tabo ba ta ɓoye ba yana yin abin da man shafawa ba ya yi. Ko fitattun mutane irin su tauraruwar talabijin ɗin Amurka Kim Kardashian da suka nuna nasu a fili sun rage wa wasu kunya, ko da yake abin da suke shafawa ko sha ba hujja ba ne a kan kowa. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar soriyasis ta duniya, a lokacin ƙungiyoyin masu ciwon sukan fitar da bayanai masu kyau.

Akwai ma abin da rukuni ya sha riga likita ganowa, wato ciwon gaɓɓai. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu soriyasis zai iya samun kumburin gaɓɓai mai alaƙa da shi, yawanci shekaru bayan fatar ta fara. Mutum zai yi ta fama da ciwon diddige, ko yatsan ƙafa ɗaya ya kumbura gaba ɗayansa, ko bayansa ya sandare da safe fiye da rabin sa'a sai ya motsa ya sake, bai taɓa kawo wa ransa yana da alaƙa da fata ba, likitan fata kuma bai tambaya ba. Sai ya karanta wata ta rubuta irin nasa, ya zo ya ce, "Likita, ko nawa ma shi ne?" Irin wannan binciken yana ceton gaɓa, domin ɓarnar da kumburin ya yi wa gaɓa ba ta gyaruwa.

Inda nake ja layi shi ne adadin magani da rabon magani. A nan ba wasa. Metotireksat, wanda za ki ga an rubuta methotrexate a kwalinsa, tsohon magani ne mai kyau ga soriyasis mai yawa, amma sau ɗaya a mako ake shan sa. An rasa rayuka saboda an sha shi kullum bisa kuskure. Yana buƙatar gwajin jini da na hanta a kai a kai, kuma yana illa ga ɗan tayi. Asitiretin kuwa, mace ba za ta ɗauki ciki ba tana shan sa, har sai shekara 3 bayan ta daina. Alluran zamani da ke toshe wasu saƙonnin garkuwar jiki, irin su adalimumab da sekukinumab, sun canza rayuwar mutane da yawa, har fata ta washe kusan gaba ɗaya, amma ana gwajin tarin fuka da na ciwon hanta kafin a fara, kuma sai an adana su a sanyi. Wanda ya rubuta a rukuni cewa yana da ragowar allura zai sayar, ko ya ba da kyauta da zuciya ɗaya, ba ki san inda ta kwana ba. Sai ƙwayar siteroid ta sha ko allurarsa, wadda ake yawan ba juna shawara a kai don tana share fata cikin kwanaki. In aka daina, ciwon yakan dawo da fushi, wani lokaci ya rikiɗe ya zama mai ƙurajen mugunya a duk jiki. Haka nan wasu magungunan wasu cututtuka, irin su litiyom, kulorokwin da wani rukuni na maganin hawan jini da zuciya, suna iya tayar da shi. Ki gaya wa duk likitan da zai rubuta miki magani cewa kina da soriyasis, amma kada ki ajiye maganin zuciya don kin karanta haka a waya.

Ki kuma tuna mai rubutu daga ina yake magana. Ba'amurkiyar da ke yabon allurarta tana magana ne daga tsarin inshorar ƙasarta, kuma wasu masu yawan mabiya biyansu ake yi. Maganin da ya yi mata ba lallai ya zama shi ne matakin da ya dace da ke ba. Muna auna tsanani da tafin hannu: tafinki haɗe da yatsu kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinki. Wanda tabonsa bai wuce tafi biyu ko uku ba yawanci man shafawa ya ishe shi. Wanda ya wuce tafi goma, ko ya kama fuska, tafin hannu, al'aura ko farce har ya hana shi rayuwa, shi ake duba wa maganin haska fata da fitilar asibiti ko ƙwaya ko allura.

Yanzu kuma ga manhajojin da ake hira da su irin su ChatGPT. Suna da amfani wajen fassara miki kalmomin da ke takardar asibiti, ko taya ki tsara tambayoyin da za ki yi wa likita. Aibinsu shi ne murya ɗaya suke amsa daidai da kuskure, cikin natsuwa da tabbaci, ba za ki ji bambanci ba. Kada ki canza adadin magani da maganarsu. Hoton jikinki kuma ki yi hattara da inda kike ɗora shi, rukuni ne ko manhaja. Rukunin da ake cewa na sirri ne, mutum ɗaya ya ɗauki hoton allo ya fita da shi. Na san wadda ta tsinci hoton bayanta a tallar wani haɗi da ba ta taɓa shafawa ba. In za ki ɗora, ki yanke fuska da duk alamar da za a gane ki.

Idan kika ci karo da sabon bayani, abu na farko da nake dubawa shi ne ko mai maganar yana da abin sayarwa a ƙarshenta. Sai in duba ko ya faɗi illar abin da yake yabo, don duk maganin da ke aiki yana da illa, wanda aka ce ba shi da ko ɗaya to ko ba ya aiki ko an ɓoye. Kalmar "warkewa har abada" ita kaɗai ta isa in rufe shafin, domin har yau ba a samu maganin da ke cire soriyasis daga jiki ba, abin da ake samu shi ne a kwantar da shi, wani lokaci na shekaru. Farin kaya da abin sauraren ƙirji a wuya ba shaida ba ne, a kasuwa ake sayar da su. Sannan ki gwada maganar da abin da shafukan da ba sa sayar da komai suka ce, kamar na hukumar lafiyar Birtaniya wato NHS, ko na ƙungiyar likitocin fata ta Amurka. In abu ya kai girman da ake faɗa, ba zai tsaya a shafin mutum ɗaya mai lambar WhatsApp ba.

Mu ma da namu laifin. Akwai abokan aikina da ke haɗe rai da zarar mara lafiya ya ce "na karanta a intanet," sai mutum ya koyi ɓoyewa, ya ci gaba da shafa abin da yake shafawa a asirce, likita kuma ya yi ta mamakin me ya sa magani ba ya aiki yadda ya saba. Ni na fi son ki zo da wayarki. Ki ɗauki hoton allon duk abin da ya ɗaga miki hankali, ki zaɓi uku da suka fi damunki, mu duba tare. Ki riƙa ɗaukar hoton tabonki ranar ɗaya ga kowane wata, a wuri ɗaya, da haske ɗaya, kafin ki shafa mai. Wannan jerin hotunan ya fi min amfani a kan duk bidiyon da za ki nuna min, domin shi zai gaya mana ko abu yana aiki a jikinki ke.

Akwai ranar da ba a bincike sam. In kusan duk jikinki ya ɗauki zafi yana saɓulewa, ko ƙananan ƙuraje masu mugunya suka feso a wurare da yawa tare da zazzaɓi da rawar sanyi, ko kika ji tunanin cutar da kanki yana zuwa miki, ki ajiye wayar ki tafi asibiti a ranar.

Game da robar da ke hannunki: daga yau kada ki sa ta a fuska, wuya, hammata ko matsematsi, kuma kada ki sayi wata. In kwanaki kaɗan ne kika yi kina shafawa a ɗan wuri, ki ajiye ta ki koma kan man da aka rubuta miki da man tausasa fata marar ƙamshi. In kin yi makonni kina shafawa a wuri mai faɗi, kada ki yanke lokaci ɗaya, ki nemi ganin likitanki cikin wannan makon. Ki tafi da robar kanta, ki gaya masa ranar da kika fara, sau nawa a rana, da roba nawa kika ƙarar. Ki ambata masa in kina da ciki ko kina shirin ɗauka, in kuma akwai gaɓar da ke miki ciwo da safe.